Buhu Huɗu, Buhu Takwas: Abin da Wasa Ke Koyarwa a Ajin Babbar Makaranta

Ranar da na fara shiga aji da mudun wake da tulin kwalayen ashana babu komai a cikinsu, ɗalibai sun ɗauka albashi ne ya yi jinkiri har na kama sana'a. Kasuwancin amfanin gona nake koyar da 'yan aji uku a wata babbar makaranta a nan jihar Kebbi, kuma shekara da shekaru ina maimaita musu jimla guda: ƙaramin motsi a wajen mai saye yakan zama babbar girgiza kafin ya isa wajen mai sarrafa kaya. Su rubuta, su haddace, su mayar mini da ita ranar jarrabawa ko wasali bai canza ba. Amma da zan tare ɗayansu a bakin get in ce ya nuna mini yadda hakan ke faruwa tsakanin mai shago a Birnin Kebbi da injin casar shinkafa a Argungu, sai dai ya sosa ƙeya.

Ran nan sai na kasa su huɗu-huɗu. Kowane rukuni layi ɗaya ne na cinikin shinkafa: mai shago, ɗan sari, dila, da mai injin casa. Ƙwayar wake ɗaya buhu ɗaya ce, kowa kuma ya fara da buhu 12 a sito. Zagaye ɗaya mako ɗaya. Mai shago ne kaɗai ke ganin abin da masu saye suke nema, domin shi nake miƙa wa 'yar takarda a naɗe kowane zagaye. Kowa zai rubuta odarsa ya tura wa na sama da shi, sai dai odar tana yin mako biyu kafin ta isa, kayan su ma mako biyu kafin su sauka. Kwalayen ashanar su ne motocin da ke kan hanya. Duk buhun da ya kwana a sitonka tarar naira 50 a mako, wanda aka nema ba ka da shi kuwa naira 100. Babbar doka ita ce ba magana. Ko da ƙafarka na taɓa ta abokin cinikinka, takarda ce kaɗai tsakaninku.

Makonnin farko lafiya lau, ana ta raha. Daga mako na bakwai fuskoki suka fara sauyawa. Siton mai shago ya yi ƙasa, ya ƙara oda. Kaya ba su zo ba, ya sake ƙarawa. Ɗan sari ya ga takarda ta tashi daga 4 zuwa 8 zuwa 15, ya ce lallai yunwa ta shigo gari, ya nemi 25 wajen dila. Dila ya ninka nasa. Wajen mako na 15 wata ɗaliba 'yar Yawuri da ke riƙe da injin casa ta sa a casa mata buhu 60 a mako guda, hannunta har rawa yake wajen ƙirga waken. Can sai kayan da kowa ya yi ta nema suka fara sauka a tare kamar an fasa rumbu. Kafin mako na 30 babu wurin ajiye biro a kan tebur, kowa sifili yake rubutawa a takardar oda, injin ya tsaya cik, tara kuma tana ta hauhawa.

Na tsayar da wasa, na ce dila da mai injin kowane layi su fito allo su zana yadda suke jin buƙatar masu saye ta kasance. Dukansu dutse suka zana: ta hau sama, ta faɗo ƙasa. Sannan na ce masu shago su buɗe takardunsu su karanta da ƙarfi. Huɗu, huɗu, huɗu, huɗu. Daga mako na biyar takwas, kuma takwas ɗin nan ce har aka tashi. Sau ɗaya tak buƙata ta motsa. Ajin ya yi tsit, sai wani ɗan sari, ɗan Jega, ya miƙe: "Malam, wallahi ba laifina ba ne, wanga dila shi ya riƙe min kaya." Dilan ya ce, "Ni ma jira nikai, ko ƙwara ba ni da ita." Kowa ya nuna na kusa da shi, alhali babu wanda ya ɓoye ko buhu ɗaya.

Ba ni na ƙirƙiro wasan nan ba. A jami'ar MIT ta Amurka aka tsara shi a farkon shekarun 1960, daga aikin Jay Forrester, kuma akwatunan giya ake rarrabawa a cikinsa. Ni dai na mayar da giyar shinkafa, don dalilin da ba sai na faɗa ba. A 1989 John Sterman na wannan jami'a ya wallafa nazarin yadda mutane ke buga shi, ya nuna cewa asarar da rukuni ke tafkawa takan kai kusan ninki goma na abin da za su yi da sun yi oda yadda ya kamata. Ya kuma gano bakin zaren: mai wasa yana kallon abin da ke sitonsa da bashin kayan da ake binsa, amma ya manta da odar da ya riga ya tura, wadda take kan hanya. Sai ya yi ta neman abu guda sau uku. Masana kasuwanci suna kiran wannan da kaɗawar bulala, domin hannun mai bulala kaɗan yake motsawa, bakinta kuwa shi ke tsaga iska. Shugabannin manyan kamfanoni sun buga wasan, kuma ramin da ɗalibaina suka faɗa shi suke faɗawa.

A nan ne nake ganin amfanin wasa ya taru. Akwai ilmin da ji ya wadatar da shi, kamar shekarar da aka kafa wata hukuma ko sunan wani sinadari. Akwai kuma wanda sai ka shiga cikinsa, ka yanke shawara da guntun labari, lokaci na tafiya, sakamakon kuma ya zo maka a makare. Irin wannan a kasuwa ake koyonsa, kuma kasuwa kuɗin makarantarta tsada gare shi: jarin mutum ne, wani lokaci har da na surukinsa. Wasa yana saukar da farashin kuskure zuwa mudun wake, yana kuma matse wata takwas cikin awa ɗaya da rabi, yadda mutum zai ga farkon abu da ƙarshensa a zama guda. Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, aka kuma rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, duk wanda ke kusa da cinikin shanshera ya ga yadda ake rububin saye yau, gobe a rasa mai taya. Da farashi ya tashi, maganar farko a bakin kowa ita ce 'yan kasuwa sun ɓoye kaya. Ban ce babu masu ɓoyewa ba, akwai su. Amma ɗalibin da ya ga layinsa ya hargitse ba tare da mugu ko ɗaya a ciki ba, ya samu tambaya ta biyu da zai riƙa yi: mako nawa labari ke yi kafin ya isa, kuma wa ke ganin me?

Abin ya daɗe a manyan makarantu, ba yayin wayar hannu ne ya kawo shi ba. A 1824 wani hafsan sojan Prusiya, tsohuwar daula a ƙasar Jamus, mai suna Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wasan yaƙi a kan taswira, da alƙali a tsakiya mai yanke abin da ya faru, rundunar kuma ta karɓe shi a matsayin horo. Bayan Prusiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871 sauran ƙasashe suka kwaikwaya. A 1956 Vernon Smith ya raba wa ɗalibansa na jami'ar Purdue katuna, wasu masu saye wasu masu sayarwa, kowa da farashinsa na sirri, ya bar su su yi ciniki, sai ga farashi ya daidaita kusa da inda lissafin littafi ya ce. Daga wannan wasan aji wani reshe na ilmin tattalin arziki ya tsiro, Smith kuma ya samu kyautar Nobel a 2002. Ɗaliban shari'a da ke zaman kotun gwaji su ma wasa suke yi, rigar lauya ce kawai ta hana a kira shi da sunansa.

Sunan nasa kuwa shi ne cikas na farko a wajenmu. Bahaushe in yana son ya nuna abu na da nauyi cewa yake "ba wasa ba". Wasa na yara ne, ko na wanda ba shi da aikin yi. Wani dattijon farfesa a sashenmu ya wuce ta taga ya ji hayaniya, da muka haɗu a ofis ya ce, "Malam, iyayen yaran nan gona suka sayar suka turo su. Ka ga ya dace a koma gida a ce wake aka ƙirga?" Na ce, "Ranka shi daɗe, a handawut ma ai waken ake ƙirgawa, sai dai ba a taɓa shi." Ya yi murmushi bai gamsu ba. Kuma ban raina maganarsa ba, domin akwai malamin da zai fake da wasa don bai shirya lakca ba, ɗalibai su yi dariya su watse, an yi ba a yi ba.

Akwai kuma ɗaliban da damuwarsu ta addini ce, kuma tana da tushe. Muslim ya ruwaito hadisi mai tsanani a kan nardu, wasan da ake jefa ƙwaya mai ɗigo-ɗigo, Imamu Malik kuma a Muwaɗɗa ya ce babu alheri a shaɗaranji, wato wasan ces. Fatawa ba aikina ba ce, na bar wa masu ita. Abin da na ɗauka wa kaina shi ne in kauce wa abubuwan da aka fi kuka da su: babu ɗan lido a ajina, babu karta, babu zuba kuɗi, kuma ba ma cin lokacin salla. Sannan nakan tuna wa ɗalibai hadisin da Buhari ya kawo a littafin ilmi, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, kuma misalinta kamar Musulmi ne. Mutane suka bazama cikin itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ce, amma kunya ta hana shi faɗa saboda manya na wurin. Buhari ya sa hadisin a babin malami ya jefa wa almajiransa tambaya don ya gwada saninsu. Kunyar ɗan Umar ɗin nan ce ke cike da azuzuwanmu har yau. Yarinyar da ba za ta taɓa ɗaga hannu a gaban mutum 200 ba, in ka ba ta injin casa da mutum uku a gefenta, sai ka ji bakinta.

Sai dai masu son abin nan sukan wuce gona da iri, su ce wasa yana wasa ƙwaƙwalwa, don haka kowane iri ma ya yi. A nan ban bi su ba. Ɗauki dara. Gida 30 ne a ƙasa, biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12, wannan tsakuwa wancan karare. Ka jera uku ka ci ɗan abokin karawarka, ka jera huɗu ba ci. Littattafan Turawa kan wasannin duniya sukan danganta ta ga Lelna na ƙasar Zuru, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, ko da yake babu garin da za ka shiga a ƙasar Kabi ka rasa gindin bishiyar 'yan dara. Gwanin dara yana hango motsi uku ko huɗu gaba, yana ɗana tarko, yana karanta fuskar abokinsa. Amma kowa ya san gwanin dara a unguwarsu wanda hangen nan bai taɓa bin sa gida ba, balle kasuwa. An gwada wannan a Ingila da darar Turawa, wato ces: makarantun firamare 100, yara wajen 4,000, aka koyar da rabinsu wasan na shekara guda. Da sakamako ya fito a 2016 ba a ga sun fi sauran a jarrabawar lissafi ba. Mai dara, dara yake koyo. Don haka tambayar da malami zai yi wa kowane wasa ita ce: abin da nake son su gane yana cikin dokokin wasan, har ya zama ba za a ci ba sai an gane shi? A wasan shinkafa jinkirin mako biyun nan shi ne darasin, cire shi ka ga babu abin da ya rage sai ƙirgar wake.

Ko dokokin sun yi daidai ma, ba a gama ba. Wannan da kaina na koya, kuma ban ji daɗin koyon ba. Na shirya wani wasan kamun kifi, sauƙaƙƙen irin wanda wani masani Ba'amurke, Dennis Meadows, ya tsara. Faranti ɗaya shi ne tafki, gyaɗa ƙwara 20 su ne kifi, masunta biyar. Kowane zagaye mutum na iya ɗaukar ɗaya, biyu ko uku, abin da ya rage a faranti sai in ninka shi, amma ba ya wuce 20. Lissafin a fili yake. In kowa ya ɗauki biyu, goma za su rage, su koma 20, a zagaye goma kowa ya tashi da 20. In kowa ya ɗauki uku, biyar za su rage, su zama goma, zagaye na biyu a share faranti, kowa ya tashi da biyar. Kuskurena na farko, na ce wanda ya fi tarawa a kowane rukuni yana da maki biyar a cikin makin gwajin zango. Kafin in zagaya ajin sau ɗaya duk farantan sun bushe, wasu har sun fara cin kifin nasu. Kuskure na biyu, ban lissafa lokaci ba. Ina shirin buɗe baki sai ga malamin da ke da ɗakin bayana a bakin ƙofa yana duba agogo. Muka tashi ba mu ce komai ba. Bayan mako uku na tambaye su a tes abin da wasan ya nuna. Fiye da rabi amsarsu ɗaya: in ba ka ɗauka ba wani zai ɗauka, don haka ka riga kowa. Na tafi koyar da kiyaye dukiyar jama'a, na dawo na horar da 'yan wawaso. Dara ta ci gida.

Na samu ɗan sanyi da na tuna ba ni ne farau ba. A 1904 wata Ba'amurkiya, Elizabeth Magie, ta yi rajistar wani wasan allo da ta tsara don ta nuna wa mutane sharrin tara filaye a hannun 'yan kaɗan, yadda mai gida ke ƙiba ɗan haya na ramewa. Wasan ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, har kamfanin Parker Brothers ya fito da shi a 1935 da sunan Monopoly. Yau miliyoyin mutane suna buga shi, kuma daɗinsa a wajensu shi ne su talauta kowa su mallake allo. Dokokin sun nuna abin da matar take son nunawa sarai, amma ba ta wurin da za ta ce, to, me kuka gani? Shi ya sa yanzu in ina da awa biyu, ba na barin wasa ya wuce awa ɗaya da kwata. Sauran lokacin na zama ne a warware: me ya faru, me ka yi tsammani lokacin da ka rubuta 25, a ina ka taɓa ganin irin wannan, kuma ta ina wasan ya saɓa wa zahiri. Ba na fara gaya musu sunan abin a littafi sai sun faɗe shi da bakinsu, ko da a karkace.

Shekarar da ta biyo na sake wasan kifin, babu maki. Na bar su suka share faranti sau ɗaya, sannan na sake zuba gyaɗa na ba su minti uku su yi magana. A wani rukuni akwai ɗan Argungu, gidansu masunta ne. Ya ce, "Ku tsaya. Mu can akwai Sarkin Ruwa. In an rufe ruwa ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe." Nan take suka naɗa shi, suka sa doka biyu-biyu, wanda ya ɗauki uku ya zauna zagaye ɗaya ba su. Tafkinsu ya kai zagaye goma cike. Rukunin da ke kusa da su sun yi alkawarin biyu-biyu su ma, har da rantsuwa, amma ba su sa mai lura ba, ba su sa hukunci ba. A zagaye na huɗu wani ya zari uku, na biyar kowa ya rama. Da muka zauna warwarewa sai aikina ya zo da sauƙi. Na gaya musu cewa a 1968 Garrett Hardin ya rubuta cewa dukiyar da kowa ke da hannu a cikinta ƙarshenta lalacewa, sai dai hukuma ta karɓe ko a raba wa masu shi. Elinor Ostrom kuma, mace ta farko da ta samu Nobel a tattalin arziki, a 2009, ta bi masunta da makiyaya da masu noman rani a ƙasashe da dama ta nuna cewa jama'a kan tsare abinsu da kansu in akwai iyaka sananniya, da mai sa ido, da hukuncin da ke farawa daga kaɗan. Ɗan Argungun ya ce, "To Malam, ashe abin da ake yi a Matan Fada ne aka ba ta kyauta a kai." Bikin kamun kifi na Argungu da ake yi a kogin Matan Fada, wanda ya samo siffarsa ta yanzu tun 1934, UNESCO kuma ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2016, yaron bai taɓa kallonsa a matsayin tsarin tattalin arziki ba sai ran nan.

Batun makin nan da ya kashe mini wasan farko shi ya sa nake ɗari-ɗari da abin da aka fi tallatawa yanzu a tarukan horar da malamai. Ba wasa ake kawowa ba, kayan adonsa ake ɗebowa a liƙa wa tsohuwar lakca: maki, lambar yabo, allon da ke nuna na ɗaya da na ƙarshe. Manhajar waya irin Kahoot!, wadda ta fito daga Norway a 2013, tana tayar da aji daga gyangyaɗi, kuma tana da amfani wajen bitar abin da aka riga aka koya. Amma tambaya ce mai zaɓi huɗu da agogo a kai, wanda ya fi saurin yatsa da ƙarfin sabis shi ke gaba. Tun 1971 Edward Deci ya nuna cewa ɗaliban da aka biya kuɗi don su warware wani wasan haɗa siffofi sun rage taɓa shi da aka daina biya. A 2015 kuma Michael Hanus da Jesse Fox suka kwatanta aji biyu a wata jami'ar Amurka tsawon zango guda, ɗaya da lambobin yabo da allon gasa, ɗaya babu. Ajin da aka yi wa adon ne ya ƙare da ƙarancin sha'awa, abin har ya taɓa makinsu na jarrabawa. Ɗalibinmu da ke kwana da fargabar kari-oba ba ya buƙatar wani sabon allo da zai nuna wa duniya shi ne na 187.

Hujjar da ta fi ƙarfi a hannun masu goyon baya ma ba a kan wasa kaɗai take ba. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara bincike 225 kan darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci a jami'o'i. Inda lakca ce zalla, kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai ne ke faɗuwa, inda ake sa su aiki da hannu da baki a cikin aji kuwa kusan kashi 22. Wasa ɗaya ne daga cikin hanyoyin, ba shi ne duka ba. Wani gwaji a ajin fiziks na Harvard, wanda aka wallafa a 2019, ya ƙara wani abu da ya kamata shugabannin sassa su sani: ɗaliban da aka sa su aiki sun fi cin gwaji, amma da aka tambaye su sai suka ce sun fi ƙaruwa da lakcar gwanin magana. Wato in ra'ayin ɗalibi kaɗai za a bi, mai zuba zance ne zai ci.

Sauran matsalolin namu ne na gida. Aji mai mutum 250 a ɗakin da aka kafe bencinansa da ƙusa ba ya kasuwa huɗu-huɗu cikin sauƙi. Ni dabarata ita ce in kira mutum 15 da yamma kafin ranar, mu buga da su, washegari su zama alƙalai, wani lokaci kuma mu fita gindin dogon yaro. Mata da suka fi son layinsu daban nakan bar su. Wuta da data ba sa cikin lissafina ko kaɗan, shi ya sa na tsaya kan wake da gyaɗa. Lokaci shi ne babban abokin gaba: bayan yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022 an yi ta matse zanguna, malamin da ke da babi 12 a mako tara kuwa ba zai ba wasa awa biyu ba. Sabon tsarin karatun da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fitar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da yankinta, amma muddin jarrabawa "kawo biyar, bayyana uku" ce, ɗalibi ya san inda makinsa yake. Ƙarin girman malami kuma takardun da ya wallafa ake ƙirgawa, ba a tambayar abin da ya faru a ajinsa. Abin da na iya yi a nawa ɗan hurumin shi ne maki goma na gwajin zango su tafi kan shafi ɗaya da kowa zai rubuta bayan wasa, ya faɗi shawarar da ya yanke da inda ta kai shi. Wanda ya fi kowa asara yana iya fin kowa maki.

A zangon da ya wuce, muna cikin warware wasan shinkafa, wani ɗalibi daga wajen Bagudo da bai cika magana ba ya ɗaga hannu. "Malam, ina manomi a cikin wasan ga?" Na ce mai injin casa yana samun shanshera duk yadda ya nema, haka dokar take. Ya ce, "To ba ƙasarmu ba ce. A 2020 ruwa ya cinye fadamarmu, ko mai injin ya zo da kuɗi a buhu babu abin da zai saya." Gaskiyarsa. Wasan an gina shi ne a kan masana'antar da ba ta san damina ba. Maimakon in kare shi sai na ce aikin zangon ke nan: kowane rukuni ya gyara dokoki yadda za su yi kama da Kebbi, ya kuma kare kowace doka da hujja. Suka ƙara kujera ta biyar ta manomi, wanda ba ya girbi sai sau biyu a shekara, na damina da na rani. Wasu suka sa ɗan tsakiya mai ba da bashin taki ya karɓi shanshera a farashin da ya yanka tun kafin shuka. Wata ta je kasuwa da kanta ta tambayo kwana nawa mota ke yi daga injin zuwa sito. Inda suka kasa daidaitawa shi ne takardar ambaliya, wadda alƙali zai buɗe a tsakiyar wasa. 'Yan cikin gari sun ce mako uku ba shanshera ya isa. Ɗan Bagudon ya ce sai dai a bar kujerar manomi babu kowa har girbin rani, wanda ke kanta kuma ya ci gaba da biyan bashin taki yana tsaye. Na ce a rubuta duka biyun. In Allah ya kai mu zango mai zuwa, rabin aji zai buga ta mako uku, rabi kuma ta ɗan Bagudo.